Gora Mai Yaɗo: Halayenta, Amfaninta, Da Abin Da Ya Sa Ba Ita Ce Ta Dace Da Gaɓar Tafkin Kainji Ba

Kalmar da muka fi ji a bakin 'yan siyasa, wato "jagora", daga wata tsirar daji ta samo asali. Jan gora shi ne riƙe wa makaho bakin sanda a kai shi inda za shi. Gorar da ta ba mu wannan kalma tana nan har yau a rumfunan kasuwa da tsaikon ɗaki da hannun makiyayi, sai dai ba kasafai ake kallon ta a matsayin amfanin gona ba. A 'yan shekarun nan ne sunanta ya fara yawaita a tarukan muhalli da shafukan sada zumunta, inda ake nuna yadda ƙasar Sin ta mayar da ita masana'anta, ana kuma cewa ita ce maganin zaizayar ƙasa da sare itatuwa da rashin aikin yi.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma akwai abin da ake tsallakewa. Gorar da ta gina masana'antar Sin wata iri ce ta ƙasashen sanyi, mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma ta bambanta da wadda muka sani. Ga al'ummomin Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda ruwa ke cin gaɓarsu kuma itacen banda ke ƙara yi musu tsada, sanin wannan bambanci shi ne zai raba shukar da za ta rayu da kuɗin da za a zuba a rami. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai karatu ya sani.

Mene ne gora a wajen masana?

Duk da tsayinta da taurinta, gora ciyawa ce. Dangi ɗaya take da shinkafa da dawa da masara da rake, shi ya sa take da gaɓoɓi irin nasu. Masana sun ƙidaya ire-irenta fiye da 1,600 a duniya, daga masu tsayin gwiwa zuwa masu zarce mita 20.

Abin da ido ke gani, wato sandar da ganyen, rabin tsiron ne kawai. Sauran rabin wani kara ne mai gaɓoɓi da ke kwance a cikin ƙasa, wanda a nan za mu kira shi jijiya. Daga jikinsa saiwoyi ke sauka, daga jikinsa kuma sababbin sanduna ke hudowa. Yadda wannan jijiya take tafiya shi ne ya raba gora gida biyu.

Kashi na farko shi ne gora mai gungu. Jijiyarta gajeriya ce mai kauri, tana lanƙwasowa sama kusa da uwarta, don haka sandunan ke taruwa wuri guda, gindin yana faɗaɗa a hankali. Duk wanda ya san yadda gamba ke tsayawa ya san wannan ɗabi'a. Mafi yawan gorar ƙasashen zafi haka take.

Kashi na biyu shi ne gora mai yaɗo. Jijiyarta siririya ce doguwa, tana miƙewa a kwance, galibi a cikin santimita 30 na saman ƙasa, tana iya cin mitoci da dama a shekara guda, tana fitar da sanda ɗai-ɗai a kan hanyarta. Manomin da ya taɓa fama da tofa ko kiri-kiri a gonarsa ba ya buƙatar ƙarin bayani. Abin da ake gani kamar daji guda mai dubban sanduna sau da yawa tsiro ɗaya ne ko kaɗan, a haɗe ta ƙasa.

Moso da 'yan uwanta

Fitattun gorori masu yaɗo suna cikin dangin da masana ke kira Phyllostachys, wanda asalinsa ƙasar Sin ne. Ana gane shi da wata alama mai sauƙi: a jikin sandar, tsakanin gaɓa da gaɓa, akwai kwari ko shafaffen gefe a ɓangaren da reshe ya fito, kuma rassan kan fito biyu-biyu a kowace gaɓa.

Babbar cikinsu ita ce Phyllostachys edulis, wadda aka fi sani da sunanta na Japan, wato moso. Tana iya wuce mita 20 a tsayi, kaurinta kuma ya kai na cinyar ƙato. A ƙasar Sin, inda dazukan gora suka haura hekta miliyan 6, moso ce ta mamaye kusan kashi 70 cikin 100. Gundumar Anji da ke lardin Zhejiang ta yi suna a duniya saboda ita.

Saurin girmanta shi ne abin da aka fi yayatawa. Idan sanyin hunturu ya wuce, tsakanin watan Maris da Mayu, ƙoƙon sabuwar sanda kan hudo daga ƙasa da cikakken kaurinsa, ya miƙe ya kai iyakar tsayinsa a cikin wata biyu ko ƙasa da haka. A ranakun da girman ya fi ƙarfi an auna ƙarin kusan mita guda a kwana ɗaya. Daga nan sandar ba ta ƙara tsawo ko kauri, sai dai ta riƙa yin tauri har ta nuna bayan shekara huɗu zuwa biyar. Wannan gudu ba daga iska yake zuwa ba: abincin da tsofaffin sanduna suka tara a cikin jijiya ne sabuwar ke ci. Shi ya sa sabuwar gonar moso kan ɗauki shekaru masu yawa tana fitar da sirarran sanduna kafin ta fara ba da manya.

Jure sanyi shi ne halinta na biyu. Moso tana rayuwa ko da sanyi ya kai kusan digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, ganyenta kuma yana nan kore a cikin dusar ƙanƙara. Wasu ƙananan 'yan uwanta sun fi ta juriya, kamar Phyllostachys aureosulcata mai ruwan ɗorawa a kwarin sandarta, da Phyllostachys bissetii wadda aka kai Amurka daga Chengdu a 1941. Waɗannan kan tsallake sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, shi ya sa mutanen Turai da Arewacin Amurka ke dasa su don shinge da ado.

Abin da ake yi da ita

Tsohon amfaninta irin wanda muka sani ne: gini, tsani, kwando, tabarma, shinge, bututun ruwa. Sabon amfaninta kuwa na inji ne. Ana tsaga sandar, a dafa ta, a busar, a manne tsage-tsagen da gam a matse su, su zama allunan daɓe da kujeru da ƙofofi. Ana yin takarda da ita, ana yin gawayi, ana narkar da ɓargonta a fitar da zaren saƙa. Tsinken cin abinci da tsinken tsire da tsinken sakace na kasuwannin duniya, da yawansu daga gare ta suke. Ƙoƙon da ya hudo kuma abinci ne a Sin da Japan, amma sai an dafa shi sosai, domin ɗanyensa yana ɗauke da guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci.

Wata 'yar uwarta, madake, ta shiga tarihin lantarki: a 1880 Thomas Edison ya yi amfani da ƙonannen zarenta a cikin ƙwan fitilarsa, ya kuma riƙa samo ta daga yankin Kyoto na Japan.

A matakin siyasar duniya, gora tana da ƙungiyarta, wato INBAR, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Beijin, kuma Najeriya mamba ce. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin Sin da wannan ƙungiya suka ƙaddamar da shirin maye gurbin roba da gora. Ana kuma bikin ranar gora ta duniya a kowace 18 ga Satumba.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne nan. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya hana masu shigo da su samun kuɗin waje daga hannun hukuma, kuma tsinken sakace yana ciki. An janye wannan takunkumi a watan Oktoban 2023. Ƙasar da gora ke tsirowa a dajinta ba tare da an shuka ba ta kai matsayin da sai da doka aka yi ƙoƙarin hana ta sayen tsinke daga waje. Wannan ya nuna cewa ƙarancin iri ba shi ne matsalarmu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne inji da wutar lantarki da tsari.

Illar yaɗo

Halin da ya sa gora mai yaɗo take cika fili da wuri shi ne kuma aibinta. Jijiyarta ba ta san iyakar gona ba. Tana ratsawa ƙarƙashin katanga, ta ɓullo a gidan maƙwabci, ta ɗaga daɓe, kuma idan ta kafu, inuwarta da tarin ganyenta kan hana sauran tsirrai tashi. Sare sandunan ba ya kashe ta. Sai an tono jijiyar kaf, ko an yi shekaru ana datse duk abin da ya hudo.

A Amurka rikicin maƙwabta a kanta ya kai ga majalisa. Jihar Connecticut ta yi doka a 2013 da ta ɗora wa mai shuka alhakin ɓarnar da gorarsa ta yi a filin wani, daga baya kuma ta hana dasa ta a cikin taku 40, wato kusan mita 12, daga iyakar maƙwabci. Jihar New York ta haramta sayar da iri biyu na dangin a 2015. A Japan, inda aka shigar da moso daga Sin a ƙarni na 18, gonakin gorar da aka yi watsi da su bayan matasa sun koma birane suna cinye dazuka da gonakin da ke kewaye da su. Masu dasa ta a gidaje kan binne katangar roba mai kauri zuwa zurfin santimita 60 ko fiye, ko su haƙa rami a kewaye suna datse jijiyar duk shekara.

Mutanen gaɓar Kainji sun san abin da baƙuwar tsira ke iya yi. Kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta gangaro Kogin Neja ta shiga tafkin a ƙarshen shekarun 1980, ta toshe mashigai, ta riƙa lalata taru da koma. A fadamun Hadeja da Nguru kuwa kacalla ce ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogi. A duk wuraren biyu, hana shigowa da ya fi kawarwa sauƙi da araha.

Za ta yi a Yauri?

Moso tsirar wuri mai sanyi da laima ce. A mahaifarta matsakaicin zafin shekara bai cika wuce digiri 20 ba, ruwan sama yana da yawa kuma yana sauka a daidai lokacin da ƙoƙo ke hudowa, ga kuma hunturu na gaske da ke ba jijiyar hutu. A ƙasashen zafi masu kwari, dangin Phyllostachys kan tsumbure, ba ya kai girman da aka san shi da shi.

A Yelwa, ruwan shekara yana kai-kawo a wajajen milimita 1,000, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da moso ke buƙatar danshi don fitar da sababbin sanduna, su ne watannin bazara da zafi ke kaiwa digiri 40. Sanyin hunturunmu kuma busasshe ne, ba ya ko kusantar sifili. Wato juriyar da ake yaba mata ba ta da aikin yi a nan, abin da take buƙata kuma babu shi. Wanda ya dasa ta a tudu zai yi ta ban-ruwa don sirarran sanduna. Wanda ya dasa wata 'yar uwarta mai ɗan jure zafi a fadama, idan ta kama, ya saka tsira mai yaɗo a ƙasar da ake noman shinkafa da albasa, ƙasar da kowane taku nata yana da mai shi.

Gorarmu ta gida

Gorar da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni ita ce Oxytenanthera abyssinica, gorar kwarin Afirka. Tana tsirowa daga Senegal har Habasha, ta gangara zuwa Angola da Mozambik. A Najeriya ana samun ta a kurmin bakin rafuka da gindin duwatsu na yankin tsakiya da kudancin Arewa. Habasha, mai dazukan gora fiye da hekta miliyan ɗaya, mafi yawansu wannan iri ne, musamman a yankin Benishangul-Gumuz. A kudancin Najeriya kuwa Bambusa vulgaris ce ta fi yawa, wadda ita ma mai gungu ce, kuma ita ake lodowa a manyan motoci don tokare dakin da kafa matakalar magina a birane.

Gorar gida ba ta da girman moso. Galibi tsayinta tsakanin mita 5 ne zuwa 10. Amma halayenta na ƙasarmu ne. Mai gungu ce, ba ta ƙetare iyaka. Tana zubar da ganye da rani don adana ruwa, ta sake tohowa da saukar damina. Tana rayuwa a ƙasa maras ƙarfi da ruwan da bai kai na Yauri ba, kuma ko gobarar daji ta cinye samanta, jijiyar kan farfaɗo. Sandarta kusan a cike take, ramin cikinta ƙarami ne ko babu, shi ya sa take yin sanda mai ƙarfi da gawayi mai kyau. Dabbobi suna cin ganyenta.

Tana da rauni biyu da ya kamata a sani. Na farko, gara da ƙwaro mai huda itace suna son sitacin da ke cikinta, don haka wadda ba a gyara ba kan rube cikin shekara biyu zuwa uku idan tana taɓa ƙasa. Maganin shi ne a sare wadda ta kai shekara uku, a sare ta da rani, a jiƙa ta cikin ruwa na wasu makonni ko a tsoma ta a ruwan sinadarin boraks, sannan a ɗaga ta daga ƙasa a wajen gini.

Na biyu shi ne fure. Gorori da yawa kan yi shekaru aru-aru ba fure, sai rana guda duk 'yan zuriya ɗaya su yi fure tare, su zubar da iri, su mutu. Gorar gida ma tana yin haka. Mafi shaharar misali yana Indiya: a tsaunukan Mizo wata gora kan yi fure duk bayan shekara 48, ɓeraye su hayayyafa a kan irinta, su afka wa gonaki da rumbuna. Yunwar da ta biyo bayan furen 1959, da sakacin da mutanen yankin suka zargi hukuma da shi, ita ta haifi ƙungiyar agajin da ta rikiɗe ta ɗauki makami a 1966, rikicin da bai lafa ba sai da aka yi sulhu a 1986, Mizoram ta zama jiha a 1987. Darasin ga mai shuka shi ne kada a cika yanki guda da dashen da aka ciro daga gindi ɗaya.

Inda za ta yi amfani a gaɓar tafki

An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwanta ya tashi mutane kusan 44,000 daga tsibirai da ƙauyukan bakin kogi, cikinsu har da Gungawa da Kambari na masarautar Yauri. Tafkin yana samun cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini bayan ya ratsa fadamun Mali. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai tazarar mitoci da dama.

Wannan yana da muhimmanci, domin gora, ta gida ko ta waje, ba ta jure zama cikin ruwa na watanni. Wadda aka dasa a filin da tafki ke rufewa duk shekara za ta ruɓe. Wurinta shi ne sama da iyakar da ruwa ke kaiwa, da bakin kwazazzabai da rafukan da ke gangarowa tafkin, inda saƙar saiwoyinta za ta riƙe ƙasar sama. Saiwar ba ta da zurfi, saboda haka ba za ta tsayar da gaɓa mai tsayi da igiyar ruwa ke ƙwaƙule ta daga ƙasa ba. Irin wannan wuri aikin injiniya yake buƙata. Ba ta kuma hana ambaliya irin wadda ta cinye gonakin shinkafar Kebbi a 2020.

Amfaninta mafi kusa shi ne makamashi da kayan aiki. Bandar kifi a Yelwa da Wara da sansanonin masunta tana cin itace kullum, kuma bishiyar da aka sare sai ta yi shekaru da dama kafin ta dawo. Gindin gora kuwa, daga shekara ta huɗu ko ta biyar, ana iya cire masa manyan sanduna duk shekara ba tare da ya mutu ba. Ga kuma rumfa da shinge da ragar shanya kifi da albasa.

Tambayoyin da za a yi wa hukuma

Hanyoyin kuɗi suna nan. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai hukumar HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin yankunan madatsun lantarki. Ta fuskar ilimi, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, cibiyar binciken gandun daji tana Ibadan, shigo da kowane irin dashe daga waje kuma sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa.

Duk ranar da aka zo wa wata al'umma da shirin dashen gora, a tambayi sunan irin na kimiyya, a rubuce: mai gungu ce ko mai yaɗo? A tambayi inda aka samo dashen, da inda aka taɓa gwada shi a yanayi irin na Yauri. A tambayi filin wa za a yi amfani da shi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasa a hannun gwamna, kuma mutanen da aka taɓa tasa sau ɗaya suna da hujjar neman takarda. A tambayi wanda zai yi ban-ruwa da tsare dashen daga dabbobi da wuta a rani biyun farko, da wanda zai mallaki sandunan idan sun nuna, da wanda zai saya. A ƙarshe a nemi adadin da ya rayu bayan shekara uku, domin adadin da aka dasa ranar biki kowa yana iya faɗin sa.